Kafin Ka Zuba Zoɓo, Tambayi Abin Da Jarkar Ta Taɓa Ɗauka

Ya ku ƙannena maza da mata na Bazaga da kewayenta, daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela.

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan fari, babu hajar da take tafiya a ƙasarmu kamar abin sha mai sanyi. Zafi yakan haura digiri 40, matafiyi ya sauka a tasha maƙogwaro a bushe, manomin rani ya fito daga fadama yana neman abin jiƙa baki, in kuwa azumi ya faɗo a wannan tsakani, to ba a magana. Shi ya sa da yawanku kuke karkata ga sana'ar zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ruwan tsamiya da lemun citta da fura da nono: da wanda ya gama lakkwal bai sami aiki ba, da amaryar da take son ta riƙe na kanta a cikin ɗakinta, da wanda ya dawo daga bida da ɗan guzuri. Sana'a ce mai albarka, ba ta neman babban jari, kuma ina farin ciki da duk wanda ya kama ta ya bar zaman fada daga hantsi zuwa dare.

Sai dai abin sha ba ya zama a tafin hannu, sai da mazubi. Ana buƙatar tukunyar dafawa, da bokiti, da jarka ko bido, da duro na tara ruwa, da gorunan roba, da kula, in hali ya yi da firiza da tukunyar gas. Sababbinsu tsada gare su, don haka kusan kowa da na hannu yake farawa, kuma babu laifi a cikin wannan. Abin da nake so ku riƙe shi ne: kowane mazubi na hannu ya yi wata rayuwa kafin ya zo gare ku, kuma abin da ya taɓa ɗauka ba ya rabuwa da shi don kawai ya canja ubangida. Wanda ya miƙo muku dala goma ko ashirin ya karɓi gora ba shi da hanyar sanin wannan rayuwa. Launi yake gani, sanyi yake ji, ya yi bisimilla ya sha. Ku kaɗai ne kuke da damar tambaya a ranar saye, in kuka ƙi tambaya, babu wanda zai tambaya a madadinsa.

Wannan magana ta fi nauyi a yankinmu fiye da wurare da yawa, saboda hanyoyi uku ne suke zubo mana tsofaffin mazubai. Ta farko ita ce iyaka. Tsakanin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato tafiyar 'yan mintoci ce a babur, kuma shekara da shekaru 'yan ruwa-ruwa suna jigilar fetur a cikin jarkoki masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda aka fara shigo da su da man girki. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, cinikin ya sauya kama, amma jarkokin ba su ɓace daga duniya ba. Ta biyu ita ce noman rani. Filin ban-ruwa na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango suke shayarwa, ya haura hekta 2,000, ga fadamun Majiya, ga albasar Galmi da sunanta ya kai har bakin teku. Duk inda aka yi irin wannan noma ana feshi, duk inda aka yi feshi kuwa ana barin galan da kwalba babu komai a ciki. Ta uku ita ce manyan motocin da suke bi ta babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da waɗanda suke hayowa daga Sakkwato da Kano, suna kawo shuɗɗan durorin roba da suka fito daga masana'antu. A kasuwa duka ukun wuri guda suke haɗuwa, an ɗauraye su, an jera su a rana suna ƙyalli, jarkar man gyaɗa kusa da jarkar fetur, ba mai bambance su da ido.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa omo da ruwan zafi suna wanke komai. A kan ƙarfe mai santsi da gilashi, maganar tana da ƙamshin gaskiya. A kan roba ba haka ba ne. Roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta, kamar yadda tukunyar ƙasa da aka ajiye daddawa a ciki take riƙe warin ko an wanke ta sau goma. Fetur da kananzir da maganin feshi sukan shige cikin jikin robar, su zauna, sa'an nan su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin duk abin da aka zuba daga baya. Zafi yana hanzarta fitowarsu, ku kuwa abin da kuke zubawa sau da yawa da ɗuminsa yake, kuma a rana yake wuni.

Galan ɗin maganin feshi shi ne mafi muni, shi ne kuma ya fi jan ido, domin robarsa tana da kauri, murfinsa yana rufuwa gam, girmansa daidai da ɗaukar yaro mai talla. Ku dubi ƙasan takardar da ke jikinsa, za ku ga zirin launi: ja mai hoton ƙoƙon kai shi ne mafi dafi, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ko koren ba a yarda a mai da galan ɗinsa mazubin abinci ba. Ƙa'idar da hukumar abinci ta duniya FAO da hukumar lafiya ta duniya suka shimfiɗa ita ce a ɗauraye shi sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sa'an nan a huda shi don kada wani ya ƙara amfani da shi. Irin maganin da muke kira fiya-fiya, in ya shiga ciki, yana kawo dalalar miyau da zufa da amai da murɗar ciki da sarƙewar numfashi. Akwai maganin kashe ciyawa mai suna paraquat wanda yake lalata huhu, kuma har yau likitoci ba su da makarinsa. Abin da babba zai sha ya ji ɗan jiri, yaro mai shekara uku zai iya sha ya kwanta. Kuma yara ne manyan masu sayen zoɓo a ƙofar makaranta.

To, yaya za ku yi? Hanya mafi aminci ita ce ku sayi jarka daga hannun wanda ya ƙarar da abin da ke ciki a gaban idonku: mai kanti da yake sayar da man girki da awo, ko mai tuyar ƙosai da fanke, ko gidan burodi. Ku yi magana da shi tun kafin man ya ƙare, ku ce ya ajiye muku. Ko da ya ɗora muku wani abu a kan kuɗin kasuwa, kun sayi abin da kuka san asalinsa. In dole ta sa sai a kasuwa, ku nemi wadda takardarta ta asali take manne, ku karanta ko ku sa a karanta muku. Wadda aka kankare takardarta, ku tambayi kanku dalilin kankarewar. Ku juya ƙasanta ku duba: alamar kofi da cokali mai yatsu tana nufin an yi ta don abinci. Lambar da ke cikin ɗan zane mai kusurwa uku tana faɗin irin robar ce kawai. 2 da 5 su ne aka fi yin mazuban abinci masu kauri da su, amma galan ɗin feshi ma da lamba 2 ake yin sa, don haka lamba ita kaɗai ba shaida ba ce. Sa'an nan ga gwaji mai sauƙi: ku rufe jarkar babu komai a ciki, ku bar ta a rana daga hantsi zuwa azahar, ku buɗe ku shinshina. Zafi yakan tono warin da sabulu ya binne. In kun ji ko alamar fetur ko wani wari mai hawa kai, ku bar ta. In ba ku ji komai ba, kun tsira daga fetur, amma ku sani akwai dafin da ba shi da wari, shi ya sa sanin asali ya fi hanci.

Shuɗin duro ma haka. Wani ya ɗauko ruwan 'ya'yan itace ko sukari narkakke, wani ya ɗauko sinadarin jima ko na rini ko na fenti. Kamanninsu ɗaya. Duron da babu rubutu a jikinsa, babu kuma wanda zai faɗa muku masana'antar da ya fito, ku bar wa magina su tara ruwan kwaɓa siminti. Bayan kun sayi naku masu kyau, ku yi musu alama da fenti, ku kafa doka a gida: jarkar zoɓo ba ta zuwa aro. Yini guda da wa ko ƙane zai ɗauke ta ya sayo wa injin ban-ruwa mai ya isa ya kashe ta har abada.

Kada ku ɗauka kula da mazubi baƙon ilimi ne da aka kawo mana daga waje. A cikin ingantattun hadisai an ruwaito cewa lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su jiƙa dabino ko zabibi a cikin wasu mazubai guda huɗu: gorar duma, da koren tulu mai santsi, da kututturen dabino da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun yi bayanin cewa a cikin irin waɗannan abin sha yana saurin juyewa ya zama mai sa maye, mai shi bai ankara ba. Daga baya aka sassauta hanin, aka bar haramcin a kan duk abin da yake bugarwa. An kuma ruwaito cewa jiƙon da ake yi masa ba ya wuce yammacin kwana na uku, abin da ya rage a ba da shi ko a zubar. Ku lura da abu biyu da wannan yake koyarwa: irin mazubin yana canja abin da ke cikinsa, kuma abin sha mai zaƙi yana da wa'adi.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa barin kunu ya kwana a lokacin bazara. Sukari da ɗumi su ne abincin ƙwayoyin da suke sa tsami. Tsohuwar jarka da cikinta ya karce, ko take da lungun da hannu ba ya kaiwa, musamman ƙarƙashin mariƙi da zaren murfi, takan ɓoye ragowar kunun jiya, shi kuma ya zama yisti ga na yau. Sai ka dafa sabo da safe, kafin la'asar gora ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki, ɗanɗano ya juya. In aka ƙara barinsa, abin da aka fara da halal sai ya kama hanyar zama giya. Kunun aya da duk abin da aka sa wa madara sun fi kowanne saurin lalacewa. Saboda haka ku fifita mazubi mai faɗin baki wanda hannu da soso suke shiga ko'ina. Ku wanke shi da zarar ya ƙare, kada ku bari sai gobe. Bayan sabulu, ku ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa zabel, wato bilic, kamar babban cokali ɗaya a lita 4, ku bar shi 'yan mintoci, ku ɗauraye da ruwa mai tsabta, ku kife ya bushe a kan tebur, ba a ƙasa ba. Ruwan haɗin kansa, in ba ku amince da rijiyar ba, ku tafasa ko ku sa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ku jira minti 30. Kuma ku dafa gwargwadon abin da kuke sayarwa a yini.

A Amurka akwai wata babbar kasuwar kayan hannu da ta yi kama da tamu. Kamfanonin lemo sun daɗe suna kai wa gidajen abinci ruwan lemonsu a cikin wasu dogayen tuluna na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowanne yana cin kusan lita 19. Da suka koma amfani da jakar leda a cikin kwali, sai tulunan suka fantsama kasuwa. Mafi yawan masu sayensu masu dafa giya ne a gida, abin da addininmu ya haramta kuma ba na kiran kowa gare shi. Wasu kuma lemo da gahawa mai sanyi suke zubawa. Abin da ya sa na kawo su shi ne tsarinsu na saye. Ƙarfen ba ya shan wari, duk da haka abu na farko da mai saye yake yi shi ne ya cire duk zobban robar da ke murfi da bututu ya sa sababbi, domin ya san roba tana riƙe tsohon lemo shekaru. Yakan kuma tambaya ko tulun yana riƙe iska kafin ya biya. In wanda ya sayi ƙarfe yana tsoron ɗan zoben roba, ina ga wanda mazubinsa gaba ɗaya roba ne? Ku ma in kun sayi kula mai famfo ta hannu, ku canja famfon da robarsa, kuɗinsu kaɗan ne, kuma a nan baƙin datti yake taruwa.

Tukunyar dafawa ma tana da nata zance. Zoɓo da tsamiya da lemun tsami duk masu tsami ne, tsami kuwa yana cin ƙarfe. Tukwanen da maƙera suke zubawa daga narkakken tarkace suna da araha da ƙarko, amma abin da aka narka ya danganta da abin da aka samu: gwangwani, da sassan injin mota, wani lokaci da abin da yake ɗauke da dalma. Mun ga abin da dalma take yi a maƙwabtanmu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Tukunya ba ta kashewa farat ɗaya irin haka, sai dai dalma tana taruwa a jiki sannu a hankali, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu gwargwadonta da likitoci suka ce ba ya cutarwa. In kuna da hali, ku nemi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko ta hannu ce; ita ce kayan da ya fi cancanta a saya na hannu, domin ba ta tsufa. In ba hali, kada ku bar zoɓo ya kwana a tukunyar zubi. Da ya dahu ku tace, ku juye. Bokitin kwano mai rufin tutiya da tasa mai fenti da ta ɓamɓare, kada abu mai tsami ya zauna a cikinsu.

Sai gorunan roba, waɗanda a nan ne aka fi sakaci. Yara suna tsinto su a tasha da wurin biki da juji, wani lokaci har bayan asibiti, su tara a buhu su sayar. Ba wanda ya san bakin da ya sha, ko abin da aka zuba bayan an sha. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar, jihohin Tawa da Maraɗi suna cikin inda ta fi tsanani. Cuta ce da take bin ruwa da hannu da mazubi. In za ku iya sayen sababbin goruna ko leda, ku saya ku ɗora a kan farashi, mai hankali zai biya. In ba za ku iya ba, ku karɓa daga wurin da kuka sani, ku watsar da duk wadda ta karce ko ta dishe ko take wari, ku jiƙa sauran da murafensu a ruwan zabel, ku wanke da burushi. Irin wannan gora mai lamba 1 ba ta jure zafi, ku bari abin sha ya huce a rufe kafin ku ɗura. Kuma kada a hura leda da baki don a buɗe ta.

Firiza ita ce babban buri, ita ce kuma take cinye jarin mutane da yawa. Yawancin na hannu daga Turai suke zuwa, an yi su don ɗakin da ba ya zafi. A bayan kowace akwai ɗan allo mai rubutu, ku nemi harafin da yake nuna yanayin da aka yi ta dominsa. Mai N tana aiki daidai har digiri 32, mai ST har 38, mai T har 43. Ku auna wannan da ɗakin kwano a Bazaga a watan Afrilu. Mai N za ta yi ta gurnani dare da rana ba hutu, ta sha wuta, ƙanƙara ba ta kama ba, har injinta ya ƙone. A allon nan kuma za ku ga ƙarfin wutar da take ɗauka: tamu 220 ce, wadda aka yi don Amurka ko Japan ba ta dace da ita ba. Za ku ga irin gas ɗinta. Mai R12 ta tsufa ƙwarai, domin an daina yin wannan gas a duniya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, samunsa na gaske ya yi wuya. Mai R600a ta fi waccan sabunta kuma ba ta shan wuta sosai, amma gas ɗinta yana kamawa da wuta, kada a taɓa sa wuƙa a ɓamɓari ƙanƙara a cikinta. Ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013 saboda yawan wutar da suke sha; wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa arahar ranar saye ba ita ce ƙarshen lissafi ba.

Ku tafi da mai gyaran firji naku, ba wanda mai sayarwa ya kira ba, ku biya shi ladan ganinsa. A kunna ta a gabanku, ku sa gorar ruwa a ciki, ku tafi ku dawo bayan sa'o'i. Ku saurara ko injin yana tsayawa da kansa ya sake tashi. Ku duba bututun baya: danshin mai a jikinsu alamar yoyo ce, firiza mai yoyo kuwa ana iya cika mata gas da safe ta yi sanyi ranar ciniki, bayan mako biyu ta mutu. Ku maƙale takarda a bakin murfi ku ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki. A ɗauko ta a tsaye, in an sauke a bar ta ta huta sa'o'i kafin a kunna, kuma kada ku haɗa ta da wuta ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Bayan duk wannan, ku tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka shafe watanni ana fama. Wanda ya ci bashi ya sayi firiza, wuta ta tafi, bashi bai tafi ba. Shawarata ita ce ku fara da kula mai kyau da ƙanƙarar saye, ku shiga adashi, ku bari cinikin da kansa ya sayi firizar.

Tukunyar gas ta hannu, ku duba shekarar da aka buga a jikin mariƙinta. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ko aka shafe ta da sabon fenti mai kauri har rubutun ya ɓace, kada ta shiga gidanku ko kyauta ce. Tiyo da kan da ake ɗaurawa ku sayi sababbi. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi, ba da ashana ba.

Abin da na faɗa a kan mazubi ya hau kan abin da ake zubawa. A watannin Maris da Afrilu na 2021, gab da azumi da cikinsa, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha kayan haɗin lemo. Binciken NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ya kai ga garin ɗan tsami da garin lemo da suka lalace ko aka sayar da wani sinadari da sunansu. Masu haɗawar ba su yi niyyar cutar da kowa ba, araha suka bi. Garin da aka ƙulla a leda babu suna babu kwanan wata, ku bar shi. Tsamiya da lemun tsami da citta da kanumfari suna nan a kasuwanninmu, kowa ya san fuskarsu.

Game da cinikin kansa, ku sani shari'a tana bayanku. A babin ciniki na Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an haramta algus da ɓoye aibi, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Amma haƙƙi ba ya tsayawa sai da hujja. Babban kaya irin firiza ko injin niƙa, ku saya a gaban shaidu biyu, a rubuta takarda da lambar kayan, a yi sharaɗin kwanakin gwaji a faɗe su da baki a rubuta. Kayan da aka kawo muku da dare, da farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, mai shi yana waige-waige, ku bar masa abinsa. Araha ba ta ado, balle wadda za ta kai mutum gaban jandarma. Kada kunya ta hana ku tambayar dattijon da yake sayarwa. Ku gaishe shi da ladabi, ku ce: Baba, abin sha zan zuba, yara za su sha, me jarkar nan ta ɗauka? Mai tsoron Allah zai gaya muku gaskiya ko ya ce bai sani ba, kuma “ban sani ba” amsa ce da ta isa ku ajiye.

Ranar da kuka tashi sayar da naku tsofaffin kayan, ku yi wa mai saye abin da kuka so a yi muku. Firizar da take yoyo, ku ce tana yoyo. Jarkar da ta taɓa fetur, ku ce ta taɓa. Ku da kuke noman rani, galan ɗin feshi in ya ƙare ku huda shi da kanku kafin ku bar gona, kada ku ba yaro ya kai wa uwarsa, kada ku sayar wa mai gwangwan yana da lafiya. Dalar da za a ba ku a kansa ba ta kai ran ɗan maƙwabci ba.

A gari kamar namu kowa ya san ɗiyar wane ce take zoɓo, kowa ya san gidan da kunun ya fito. Mutum ɗaya ya sha ya kwana yana zawo, kafin sallar azahar labari ya gama unguwa, kuma ba ya goguwa da sauƙi. Haka nan in aka shaida cewa na gidan wance ba ya ɓata ciki, mutane za su wuce masu talla uku su zo gare ta, su aiko yara da kwano daga wata unguwa, su ba ta kwangilar suna da biki. Wannan shaida ita ce jarin da ya fi firiza, kuma ana fara tara ta ne tun ranar da kuka tsaya a gaban tarin jarkoki, kuka zaɓi mai tsada kaɗan da kuka san asalinta, kuka bar mai arahar da ba ku sani ba. Ku fara da kaɗan mai tsabta, ku riƙe amanar cikin mutane. Allah ya sa albarka a cikin nemanku, ya tsare hannuwanku daga cutar da kowa, ya ciyar da ku da halal.